Kun Tambaya, Mun Amsa: Haraji da Ƙaramar Sana'a a Birtaniya

Wasiƙun wannan fitowar daga 'yan'uwanmu mazauna Birtaniya suka zo, kuma kusan dukkansu a kan abu biyu suka tsaya: ko takardar zaman mutum ta ba shi damar yin sana'a, da kuma abin da hukumar harajin ƙasar, HMRC, take bin sa in ya yi. Alƙaluman da muka kawo na shekarar haraji ta 2025 zuwa 2026 ne. Shekarar haraji a can tana farawa ne ranar 6 ga Afrilu, ta ƙare ranar 5 ga Afrilun shekara mai bi mata. Mazauna Scotland su lura, matakan harajin kuɗin shigarsu sun ɗan bambanta da na sauran sassan ƙasar.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatun digiri na biyu, kuma an ba ni damar yin aikin awa 20 a mako. Ina so in riƙa kai saƙon abinci da keke da yamma, ranar Asabar kuma in yi wa 'yan'uwa aski a ɗakina. In na yi rajista na biya haraji, ai babu matsala ko? — Ɗalibi daga Coventry

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai matsala, kuma babba. Awa 20 ɗin nan na aikin albashi ne, inda wani ya ɗauke ka, yana cire haraji kafin kuɗin ya iso hannunka. Bizar karatu ta hana sana'ar kai ɗungurungum, ko ta awa ɗaya ce. Masu kai abinci ta manhajoji irin su Deliveroo da Uber Eats masu zaman kansu ne a wajen doka, ba ma'aikatan kamfanin ba, don haka wannan aikin yana cikin abin da aka hana ka. Askin ma haka, muddin da kuɗi a ciki. Ba za ka zama daraktan kamfani ba, ba kuma za ka yi aiki a kamfanin da kake da kashi 10 cikin 100 na hannun jarinsa ko fiye ba.

Biyan haraji ba ya wanke wannan laifi. HMRC za ta karɓi kuɗinka, amma biza a hannun ma'aikatar cikin gida take, kuma hukumomin biyu suna musayar bayanai. Fom ɗin harajin da ka cika da hannunka shi zai tsaya shaida a kanka ranar da ka je sabunta zama, a soke bizar ko a ƙi ba ka wata. Ka yi haƙuri ka kammala. Bizar da ake ba wanda ya gama digiri ta yarda da sana'ar kai, shekara 2 ce ga wanda ya nema kafin Janairun 2027, shekara 3 ga mai digirin digirgir, kuma za ta koma wata 18 ga masu digiri na farko da na biyu da za su nema daga Janairun 2027.

Tunda maganar ta taso, masu bizar aiki, har da ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi, su ma da iyaka a kansu. Suna iya ƙara awa 20 a mako a wani aikin ko a sana'ar kansu, da sharaɗin suna nan a kan aikin da aka kawo su dominsa, kuma ƙarin aikin yana cikin jerin ayyukan da bizar ta amince da su. Wanda ya fi kowa sarari shi ne mai bizar rakiya, wato mata ko mijin mai bizar aiki. Shi doka ta sakar masa hannu ya yi sana'a.

Tambaya: Maigidana likita ne, ni kuma a bizarsa nake. Na fara yi wa mutane masa da dambun nama da tuwo in za su yi suna ko walima, kuma Allah ya sa wa abin albarka. Wata ta ce min sai na yi rajista, wata ta ce tunda a gida nake yi ba ruwan hukuma. Wanne ne gaskiya? Sannan ina so a riƙa aiko min da kilishi daga gida ina sayarwa. — Uwargida daga Manchester

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Ta farkon ce ta gaya miki gaskiya, kuma rajistar ma biyu ce.

Ta farko a ƙaramar hukumar unguwarku ake yinta, a matsayin mai sana'ar abinci. Doka ta ce a yi ta aƙalla kwana 28 kafin a fara sayarwa. Kyauta ce, ta intanet ake yi, kuma ba a hana kowa. Tunda kin riga kin fara, ki yi ta yau. Jami'an duba-gari za su zo su ga kicin ɗinki su ba ki maki daga 0 zuwa 5. Abin da suka fi dubawa: sanyin firji, wanda doka ta ce kada ya haura digiri 8, gwamma ma ya tsaya a 5, abincin da aka ajiye da zafi kada ya sauka ƙasa da digiri 63, raba katakon yankan ɗanyen nama da na dafaffen abinci, da littafin da kike rubuta duk waɗannan a kullum. In gidan haya kuke, ki nemi yardar mai gida a rubuce.

Abin da muke so ki fi riƙewa da hannu biyu shi ne maganar abubuwa 14 da jikin wasu ba ya ɗauka, waɗanda dole mai sayar da abinci ya sanar da mai saye in suna ciki. A girkinmu akwai da yawa daga cikinsu: gyaɗa, riɗi, madara, ƙwai, kifi, alkama, waken suya, da busasshen jatan landen da ake dakawa a zuba a miya. Yajin tsire da na kilishi da ƙuli-ƙuli ake haɗa su, ƙuli-ƙuli kuwa gyaɗa ce. A Birtaniya akwai yaran da ɗan ƙanƙanin gyaɗa kan toshe musu numfashi, har da 'ya'yanmu da aka haifa a can. A walima ba ki san wanda zai ɗauki faranti ba. Ki rubuta abin da ke cikin kowane abinci ki liƙa a jikin mazubinsa. Tun Oktoban 2021, duk abincin da aka ƙulle a leda ko roba kafin mai saye ya zaɓa, dole a jera duk kayan haɗinsa a jiki. Ki kuma yanki inshorar da ke kare mai sana'a in abincinsa ya cutar da wani.

Kilishin gida kuwa, ki bar shi. An haramta shigo da nama da kayan madara a jaka ko a ƙunshin saƙo daga ƙasashe irin su Najeriya da Nijar, busasshe ne ko dafaffe. Kwastan za su ƙwace, in kuma duba-gari suka same shi a kicin ɗinki ba ki da takardar da ke nuna inda ya fito, sana'ar gaba ɗaya ce za ta shiga hatsari. Ki sayi nama wajen mahauci mai lasisi a nan, ki ajiye rasit, ki kuma gaya wa duba-gari yadda kike busar da shi kafin ki fara sayarwa.

Rajista ta biyu ita ce ta haraji. In cinikinki na shekara bai wuce fam 1,000 ba, ba sai kin sanar ba. Ki lura, cinikin ake dubawa, wato duk kuɗin da ya shigo, ba ribar ba. In ya wuce, ki yi rajistar Self Assessment, wato tsarin da mutum ke bayyana kuɗin shigarsa da kansa, a shafin gwamnati, za a aiko miki da lamba mai alƙaluma 10 da za ki riƙa amfani da ita. A kan riba ake biyan harajin. Mu ɗauka kin yi cinikin fam 40,000, kin kashe 14,000 a nama da kayan miya da robobi da mai, ribarki 26,000 ke nan. Fam 12,570 na farko babu haraji a kansu. Saura 13,430: kashi 20 cikin 100 nasa harajin kuɗin shiga ne, fam 2,686, sai kashi 6 cikin 100 na inshorar ƙasa (National Insurance, gudummawar fansho da tallafin gwamnati), fam 805 da kwabo 80. Jimla kusan fam 3,492. Motar da kike kai abinci da ita, kina iya cire kwabo 45 a kowace mil har mil 10,000, kwabo 25 bayan nan, in kina rubuta tafiye-tafiyen. Abincin da iyali suka ci daga tukunyar ba ya shiga lissafin kashe-kashen sana'a. Harajin VAT bai shafe ki ba sai cinikinki ya haura fam 90,000 a cikin kowane wata 12 a jere.

Tambaya: Ina da takardar zama ta dindindin, albashina fam 30,000 a shekara, kuma ana cire haraji tun daga wajen aiki. A ƙarshen mako ina ɗinkin kaftani da babbar riga, a wannan shekarar na samu ribar kamar fam 8,000. Tunda ribar ba ta kai 12,570 ba, ina ganin ba abin da ake bi na. Haka ne? — Tela daga Leeds

Amsa: Malam, ba haka ba ne, kuma wannan kuskuren ya jefa mutane da yawa cikin tara. Rangwamen fam 12,570 sau ɗaya ake ba mutum a shekara, a kan duk kuɗin shigarsa a haɗe. Albashinka ya riga ya cinye shi. Don haka ribar ɗinkin daga fam ɗin farko take ɗaukar kashi 20 cikin 100, wato fam 1,600. Inshorar ƙasa ce kaɗai ba za ka biya a kanta ba, domin ita ribar sana'ar kawai take dubawa, 8,000 kuwa ba ta kai matakin ba. In wata rana albashi da riba suka haɗu suka wuce fam 50,270, abin da ya haura zai ɗauki kashi 40 cikin 100.

Ranakun da za ka kiyaye, in a shekarar da ta ƙare 5 ga Afrilun 2026 ka samu ribar: rajista kafin 5 ga Oktoban 2026, miƙa fom ta intanet da biyan kuɗi kafin ƙarshen ranar 31 ga Janairun 2027.

Akwai abin da ke ba sababbin shiga mamaki a Janairun farko. In kuɗin da ake bin ka ya wuce fam 1,000, kuma abin da aka cire daga albashi bai kai kashi 80 cikin 100 na duk harajinka ba, HMRC za ta nemi ka fara biyan na shekara mai zuwa tun yanzu, kashi biyu. A lissafinka an cire fam 3,486 daga albashi, duk harajinka kuwa 5,086 ne, bai kai kashi 80 ɗin ba. Saboda haka a Janairu ba 1,600 za ka biya ba, 2,400 ne, sannan wasu 800 kafin 31 ga Yuli. Ba ƙarin haraji ba ne, za a cire maka shi daga na baɗi, amma wanda bai tanadi kuɗin ba zai ji jiki. Shawararmu, ka buɗe asusun banki na ɗinki shi kaɗai, duk kuɗin da ya shigo ka ware kashi 30 cikin 100 ka ajiye gefe.

In ka makara da fom, tarar fam 100 ce nan take, ko da ba a bin ka ko kwabo. Bayan wata 3 sai ta koma fam 10 kullum har kwana 90. A wata na 6 a ƙara fam 300 ko kashi 5 cikin 100 na harajin, duk wanda ya fi yawa, a wata na 12 a sake ƙara irinta. Makarar biya kuma tana da nata kuɗin ruwan da tararta daban. Wanda ya ga ba zai iya biya a kan lokaci ba, ya miƙa fom ɗin dai, sannan ya nemi a raba masa biyan wata-wata.

Kada ka dogara da cewa a hannu ake biyanka. Tun Janairun 2024, shafukan ciniki irin su eBay da Etsy da Vinted suna miƙa wa hukumar bayanan duk wanda ya yi ciniki 30 ko ya karɓi fiye da yuro 2,000 a shekara, kuma tallan da kake yi a Instagram kowa na gani. Ka ajiye rasitan zare da yadi da gyaran keke na shekara 5 bayan wa'adin 31 ga Janairu na miƙa fom. Ranar da za ka nemi zama ɗan ƙasa, ana duba ko ka sauke nauyin harajinka.

Tambaya: Duk zuwana gida nakan cika akwati biyu da atamfa da shadda da humra da turaren wuta in sayar a nan. Kayan jakata ne, sai na nuna wa kwastan? — 'Yar kasuwa daga Birmingham

Amsa: Sai kin nuna, Hajiya. Rangwamen da ake yi wa matafiyi na kayan amfanin kansa ne da tsaraba. Kayan sayarwa ba su da rangwame ko na fam ɗaya. Ki nemi lambar EORI, wato lambar kwastan ta masu shigo da kaya, wadda ke farawa da GB, kyauta ce kuma ta intanet ake nema. Kafin ki sauka ki bayyana kayan, ki biya kuɗin fito gwargwadon nau'in kowanne, da VAT kashi 20 cikin 100. Ki riƙe rasitan Kantin Kwari ko duk inda kika saro, domin da su za a ƙiyasta kuɗin, da su kuma za ki cire uwar kuɗi a fom ɗin harajinki.

Tun 2023 Birtaniya tana da tsarin sauƙaƙa kuɗin fito ga kayan ƙasashe masu tasowa, Najeriya da Nijar duk suna da hanyar samun sauƙi. Amma inda aka ƙera kayan ake dubawa, ba inda aka saye su ba. Shaddar Getzner a Austriya ake saƙa ta, atamfa mai yawa daga Chaina ko Holan take, don haka sayensu a Kano bai mai da su kayan Najeriya ba. Saƙi da rinin Ƙofar Mata da takalman fata na gida su ne za su iya cin moriyar, in akwai shaidar asalinsu.

Humra da duk abin da ake shafawa a jiki suna ƙarƙashin dokar kayan kwalliya. Kafin a sayar sai ƙwararre ya tantance lafiyar haɗin, a sanar da hukuma, a rubuta kayan haɗin da sunan wanda ya ɗauki alhakinsa da adireshinsa na Birtaniya a jikin kwalba. Man bilicin mai ɗauke da hydroquinone ko mercury haramun ne sayar da shi, kuma ana gurfanar da masu shaguna a kansa.

Tambaya: Abokaina sun ce in buɗe kamfani don haraji ya ragu. Sannan ɗan ƙanena ya zo ziyara, ina so ya riƙa taya ni zama a shago ina ba shi na kashewa. — Mai shago daga Landan

Amsa: Alhaji, mu fara da yaron. Mai bizar ziyara ba ya aiki, ko da ladan abinci da wurin kwana ne. Tun Fabrairun 2024 tarar ɗaukar wanda ba shi da izinin aiki tana kaiwa fam 45,000 a kan kowane mutum a karon farko, 60,000 in aka maimaita. Shi kuma yaron zai rasa damar sake shigowa. Duk wanda za ka ɗauka, ɗan'uwa ko bare, ka binciki izinin aikinsa a shafin gwamnati kafin ya fara, ka ajiye shaidar, ka yi rajistar biyan albashi da HMRC, ka yanki inshorar ma'aikata ta aƙalla fam miliyan 5.

Kamfani kuwa, harajinsa kashi 19 cikin 100 ne in riba ba ta wuce fam 50,000 ba, yana hawa har kashi 25 ga ribar da ta haura 250,000. Sai dai kuɗin kamfani ba naka ba ne. In za ka fitar, ko dai a matsayin albashi ko rabon riba, kuma fam 500 na farko ne kawai na rabon riba ba su da haraji. Ga kuɗin akanta, ga lissafin shekara da za a kai Companies House, hukumar rajistar kamfanoni, cikin wata 9 bayan rufe shekarar kamfanin, makararsa tarar fam 150 zuwa 1,500. A ƙaramar riba, abin da za ka tsira da shi sau da yawa bai kai wahalar ba. Amfanin kamfani na gaske shi ne raba bashin shago da dukiyarka ta kanka. In kana cin bashin kaya mai nauyi ko za ka sa hannu a hayar shago ta shekaru, to ya cancanci ka zauna da akanta.

Tambaya: Shekarata uku a nan ina aikin jinya. Ina da gida a Kano da na ba haya, kuɗin a asusuna na can yake tsayawa, mahaifiyata ke amfani da shi. Kwabo bai taɓa shigowa Birtaniya ba. Wa zan biya wa haraji? — Ma'aikacin jinya daga Sheffield

Amsa: Allah ya saka maka da alheri a kan kula da Hajiya. Amsar ita ce ƙasashen biyu duk suna da haƙƙi, amma ba za ka biya sau biyu ba.

Wanda ya yi kwana 183 ko fiye a Birtaniya cikin shekarar haraji mazauninta ne, kuma tana bin sa harajin abin da ya samu a ko'ina a duniya. A da akwai tsarin da baƙo ba ya biya a kan kuɗin waje sai in ya shigo da shi, har ma in abin da ya bari a waje bai kai fam 2,000 ba, ba sai ya nema ba. Da wannan tsohon tsarin mutane da yawa suke ta ba juna shawara har yanzu. An soke shi daga 6 ga Afrilun 2025. Yanzu ko kuɗin ya shigo ko bai shigo ba, in hayar ta wuce kwatankwacin fam 1,000 a shekara sai ka bayyana ta a shafukan kuɗin waje na fom ɗinka.

Najeriya ce ke da haƙƙin farko, domin a ƙasarta gidan yake. Yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu da ƙasashen suka sa wa hannu a 1987 ta ce Birtaniya ta cire maka abin da ka biya a can. Misali hayar ta kama fam 3,000, ka kashe 500 a gyaran rufi da ladan dillali, saura 2,500. Harajin Birtaniya a kai fam 500 ne. In ka biya kwatankwacin fam 300 a Kano, 200 za ka cika a nan. Inda ake samun cikas shi ne rashin takarda. In ba ka da rasitin hukuma ko shaidar abin da ɗan haya ya cire ya miƙa mata, babu abin da za a rage maka. Kuɗin ginin sabon ɗaki ba ya cikin abin da ake cirewa, gyara kawai.

Akwai sabon rangwame na shekara 4 na farko ga wanda ya yi shekara 10 a jere ba ya zaune a Birtaniya kafin zuwansa, kuma mai yiwuwa shekara ɗaya ta rage maka a ciki. Kada ka yi saurin nemansa. Duk shekarar da ka nema, ka rasa rangwamen fam 12,570 na albashinka, wato ƙarin harajin fam 2,514 don ka tsira da abin da bai wuce 500 ba. An yi shi ne don masu manyan kuɗi a waje.

A ɓangaren gida, sabuwar dokar harajin Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ba kwanaki kaɗai take ƙirgawa ba. Tana duba ko mutum yana da gidan zama na dindindin a ƙasar, da inda iyalinsa da harkokinsa suke. Wanda matarsa da 'ya'yansa ke Kano yana iya zama mazaunin ƙasashen biyu a lokaci guda. A nan yarjejeniyar 1987 ke raba gardama bi da bi: ina yake da gidan dindindin, ina rayuwarsa ta fi karkata, ina ya fi zama, sannan a ƙarshe ɗan wace ƙasa ne. In akwai shekarun baya da ya kamata ka bayyana ba ka yi ba, ka kai kanka kafin a aiko maka da wasiƙa. Najeriya tana cikin ƙasashen da ke musayar bayanan asusun banki, kuma tarar wanda ya kai kansa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Tambaya: Kuɗin da nake aika wa iyayena da zakkar da nake fitarwa a gida, ana cire min su daga haraji? — Mai karatu daga Bradford

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Ba a ɗora maka haraji don ka aika, kuma kyauta ce a hannun iyayenka, amma ba ta rage abin da ake bin ka. Hanya ɗaya ce zakka ke samun tagomashin haraji: in ka bayar ta hannun ƙungiyar agaji mai rajista a Birtaniya ka cika takardar Gift Aid, gwamnati za ta ƙara wa ƙungiyar kwabo 25 a kan kowane fam. Sharaɗin shi ne ka biya harajin da ya kai wannan ƙarin a shekarar, in ba haka ba kai za a bi cikon.

Tambaya: 'Yan'uwa suna turo min fam a asusuna, ƙanena a Wapa yana ba iyalansu naira, ina samun ɗan abu a kan canjin. Wannan ma sai na biya haraji? — Mai karatu daga Landan

Amsa: Malam, ribar tana da haraji, amma wannan shi ne mafi ƙanƙantar abin da ke gabanka. Karɓar kuɗin mutane a nan don a biya wasu a wata ƙasa sana'ar aika kuɗi ce, ko da kwabo bai tsallaka iyaka ba. Yin ta sai da rajista a hukumar FCA mai kula da harkokin kuɗi, da kuma shiga ƙarƙashin sa idon HMRC kan halasta kuɗin haram. Yin ta ba tare da su ba laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Mun san da amana da taimakon juna ake yin abin, kuma a gida sana'a ce mai mutunci. Dokar Birtaniya ba ta duba wannan.

Ga yadda abin ke lalacewa. Kwamfutar banki tana ganin mutane daban-daban suna zuba kuɗi a asusun mutum ɗaya, kuɗin yana fita nan da nan, ya kuma ninka albashinsa. Sai a daskarar da asusun ba tare da bayani ba, da kuɗin jama'a a ciki, kai kuma ƙanenka ya riga ya biya naira. In aka yi rashin sa'a ɗaya daga cikin masu turowar kuɗin damfara ya turo, kai ba ka sani ba, za a iya sa sunanka a kundin Cifas, inda bankuna ke duba sunayen waɗanda aka alaƙanta da damfara, na tsawon shekara 6. A wannan lokacin buɗe asusu ko samun bashin gida sai an sha wuya. Hukuncin halasta kuɗin haram a dokar 2002 yana kaiwa ɗaurin shekara 14, mai biza kuma zamansa ne zai tafi.

Ka dakatar da karɓa daga yau, ka kammala biyan waɗanda ke bin ka, ka tattara sunan kowa da adadin da ya turo da wanda aka ba a gida. Ribar da ka samu a baya ka kai wa akanta ko lauya ya duba yadda za a bayyana ta. In kana son sana'ar da gaske, hanya mafi sauƙi ita ce ka zama wakilin kamfanin aika kuɗi mai lasisi, su za su shigar da sunanka wajen FCA, su koya maka yadda ake karɓar shaidar kowane mai aikawa. In kuma tsabar kuɗi za ka ɗauka a jirgi, fam 10,000 ko fiye, na mutum ɗaya ne ko na iyali a haɗe, sai an bayyana wa kwastan, kuma ana iya cika fom ɗin ta intanet cikin awa 72 kafin tafiya.